Ƙwaryar Kunun da Baba Ishaya Ya Miƙa wa Mijina

Fasto ya ce in yafe, matan zumunta sun ce in manta, na ce musu na ji. Amma tunda aka fara raɗe-raɗin cewa amai da gudawa ya sake ɓulla wajen Kachia, sai na ga gara in zauna in rubuta yadda jinyar mijina ta kasance, ko wata za ta karanta ta shafa wa gemun nata mijin ruwa. Ina gode wa Ubangiji da ya bar ni da rai, ni da 'ya'yana biyu. Iyakar godiyata ke nan. Sauran abin da ke cikina ba godiya ba ne, kuma ba zan yi masa kwalliya ba.

Sunana Hannatu. Mijina Bulus malamin firamare ne a nan Kafanchan, mutum mai sanyin hali, irin wanda in kaza ta shiga ɗaki sai ya tsaya yana roƙonta ta fita. Maza biyu ne suka sa shi a tsakiya. Na farko wansa, Baba Ishaya, dattijon ikilisiya a ƙauyensu can wajen Kagoma, wanda ya riƙe shi tun rasuwar ubansu, ya yi noman citta ya sa shi makaranta. Na biyu yayana Markus, ɗan reluwe, mai bakin da ya fi usur ɗin jirgi ƙara.

Shekara ce ta bayan yaƙin basasa. Soja ke mulki, an rufe jam'iyyu, amma ba a rufe bakin mutane ba. A wurin Baba Ishaya, Shugaban Ƙasa ɗanmu ne, Kirista, ɗan ƙaramar ƙabila kamar mu, saboda haka ba ya kuskure. Hotonsa na rataye a ɗakin Baba, sama da kalandar majami'a ma. Shi kuwa Markus tsohon ɗan adawa ne, ko tuntuɓe ya yi a hanya sai ya ce laifin Shugaba ne. Da kwalara ta shigo ƙasar, sai ta zame musu sabon abin faɗa. Markus ya ce a tashoshi ana sauke mutane daga jirgi kamar buhuna, gwamnati tana ɓoyewa. Baba Ishaya ya ce shi ya ji a rediyo an shawo kanta, duk wanda ya ce ta iso wajenmu maƙiyin Shugaba ne. Bulus bai shiga gardamarsu ba. Ya dai sa ni tafasa ruwan sha, yana kuma tsare 'yan ajinsa su wanke hannu.

A bazarar nan, mangoro ya fara nuna, aka aiko cewa Gwaggo Laraba, ƙanwar ubansu, ta rasu a ƙauye. Aka ce ciwon ciki ne na tsufa. Ni ina cikin matan da suka shiga ɗakinta, na ga tabarmarta, na ga abin da ya fito daga cikinta fari kamar ruwan wankin shinkafa. Duba-gari sun riga sun bi gari suna gargaɗi kada a wanke irin wannan gawa a gida, kada a taru a ci a kwano ɗaya. Aka wanke ta a gida, a gefen rijiyar da ake ɗiban ruwan dama kunu.

A gidan su Bulus akwai al'adar da ko zuwan bishara bai kawar da ita ba, giya kawai aka musanya da kunu. In mazan gida suka dawo daga kabari, sukan ɗauraye hannu a kasko ɗaya a ƙofar gida, sannan babba ya ɗauki ƙwaryar kunu ya sha, ya miƙa wa mai bi masa da hannunsa. Wanda ya ƙi karɓa, ko dai ya fitar da kansa daga gidan, ko kuwa yana da hannu a mutuwar. Ba a taɓa jin wanda ya ƙi ba.

Markus ya zo gaisuwa, da ma bai zo ba. Yana zama ya ɗaga murya yadda har mu da ke wajen murhu muka ji.

“Wannan tsohuwa kwalara ne ya kashe shi. Ku aika wa ɗanku na Legas, ku ce mun gode.”

Baba Ishaya ya miƙe da ƙwaryar a hannu. “A gidana ba kwalara. Gwamnati ya gama da shi. Kai ne kwalara, Markus.”

Bulus ya matso kusa da wansa, ya yi ƙasa da murya. “Yaya, a bari a sake dafa kunun nan, kowa ya sha a kofinsa. Yau kaɗai.”

“Ticha,” in ji Baba Ishaya, “ni na saya maka littafin da ka karanta wannan tsoro a ciki. Surukinka ya zagi Shugaba a ƙofar ubanmu, kai kuma za ka taya shi? Karɓi.”

Ya ɗaga ƙwaryar ya kai baki. Ina tsaye daga gefe da muciya a hannu, ina kallon wuyansa. Maƙogwaronsa bai motsa ba. Leɓe kawai ya jiƙa, ya goge da bayan hannu, ya miƙa wa ƙanensa. Bulus ya waiwayo ya dube ni sau ɗaya, sannan ya sha, sha na gaske, domin shi bai iya rabin abu ba. Markus kuwa ya naɗe hannu a ƙirji yana murmushi, kamar mai kallon dambe.

Bayan mun dawo Kafanchan da kwana biyu, da safe yana shirin makaranta, abin ya fara. Ba ciwo, ba murɗa, ruwa ne kawai ke zuba. Sai amai ya biyo. Kafin hantsi idanunsa sun faɗa, yatsunsa sun yamutse kamar na wadda ta wuni tana wanki, ƙafafunsa suna ɗaurewa yana cije leɓe. Muryarsa ta koma siririya, sai na sa kunne a bakinsa nake jin me yake cewa.

Ranar kasuwa ce, Baba Ishaya ya shigo gari da cittarsa, ya sauka a gidanmu kamar kullum. Na ce masa asibiti za mu. Ya tsaya a bakin ƙofa.

“Ba inda za a je. Suna ganinshi za su rubuta kwalara, Markus ya samu abin yawo da shi a gari. Mangoro ne ya ɓata masa ciki.”

Na ɗebo ruwa zan ba Bulus, Baba ya karɓe kofin ya watsar. Ya ce tun kakanni mai zawo ba a ba shi ruwa, ruwa ne ke buɗe masa hanya, a bar cikin ya bushe ya tsaya da kansa. Ya jawo randar ruwanmu zuwa baranda, ya ajiye kujerarsa a gabanta. Maƙwabta suka shigo kowa da tasa dabara. Wata ta ce jiƙon ganyen gwaiba, wani ya ce kanwa, matar mai kemis ta kawo kafso, Bulus ya haɗiya ya dawo da shi. Ba wanda ya ce a ba shi ruwa, domin a nan duk bakinsu ɗaya da Baba.

Da na hango Markus ya shigo da kayan aiki, zuciyata ta yi sanyi, na ce ga ɗan'uwana ya zo. Ya leƙa ɗakin, ya dubi Bulus, wallahi sai na ga fuskarsa ta washe.

“Na faɗa! Ban faɗa ba? Bari in kira mutanenmu na reluwe su zo su gani da idonsu, kada gobe a ce ƙarya ne.”

Shi da Baba Ishaya suka kaure da gardama a baranda. Wannan ya ce Shugaba ya haɗa kan ƙasa, wancan ya ce ya haɗa ta da makabarta. Wannan ya ce allura tana hanya, wancan ya ce manya sun raba ta a Legas. Rana ta take tsaka tana neman karkata, suna yi. A ɗaki kuma mijina yana cewa, “Hannatu, ruwa.” Har yau in na ji maza suna gardamar gwamnati, wannan siririyar muryar nake ji a ƙarƙashin tasu.

Na fita ta ƙofar baya, na samo mai amalanke daga masu dako na tasha, wani Bakano da ban ma tambayi sunansa ba. Allah ya saka masa. Muka naɗe Bulus a zane muka ɗora, muka bi ta lungu. Sai da muka yi nisa mazan nan suka gane cewa wanda suke faɗa a kansa ba ya gidan.

A asibiti mun tarar da abin da rediyon Baba bai faɗa ba. An kafa rumfuna a fili, an jera gadaje masu rami a tsakiya da bokiti a ƙasa, waɗanda ba su samu gado ba suna kwance a gindin mangoro. Muka bi layi a ƙasa. Wata nas 'yar Zonkwa, Sista Rifkatu, doguwa mai faɗa, ita ta tsallake mutane ta zo ta ja fatar cikin Bulus, fatar ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Ta daka tsawa aka ɗauke shi. Ta nemi jijiya a hannu ta rasa, sai a ƙafa ta samu ta sa masa ƙarin ruwa. Tana bina godiya har in mutu, ko da yake ta zage ni ranar kamar ni na haifi cutar.

Likita ya zo ya duba shi, ya yi maganar da ta zauna mini a kai. Ya ce, “Ba cutar ce ke kisa ba, bushewa ce. Wa ya hana shi ruwa?” Na adana tambayar, na san mai ita.

Kwalaben ƙarin ruwa ba sa isa, sai a cire wa wannan a sa wa wancan. Sista Rifkatu ta tara mu masu jinya ta koya mana: a tafasa ruwa, a sa ɗan gishiri da sukari, a riƙa ba mara lafiya kaɗan-kaɗan ba fasawa, in ya amayar a sake ba shi. Haka na yi ta yi da cokali, hannuna duk ya tsattsage saboda maganin wanke bokiti.

A mako na biyu gudawar ta tsaya. Matan zumunta suka zo suka yi waƙar yabo a bakin rumfa, ni ma na taya su. Amma kullum da safe likita tambaya ɗaya yake yi: “Ya yi fitsari?” Ban taɓa zaton zan durƙusa in roƙi Ubangiji fitsari ba, sai ga ni ina yi. Bai zo ba. Mutumin da ya bushe kamar kara sai ya fara kumbura, fuska da ƙafa, ga shaƙuwa ba dare ba rana. Likita ya ce ƙodarsa ta daɗe ba ruwa, ta daina aiki. Aka yi maganar kai shi Zariya, na sayar da keken ɗinkina don kuɗin mota, amma aka ce ba zai kai ba, a jira ya ɗan yi ƙarfi. Kuɗin ya ƙare a magani da abincin 'ya'ya.

Baba Ishaya yakan zo ya tsaya daga bakin shinge, ba ya shigowa rumfa. Da ya ji maganar ƙoda, sai ka ce an yi masa albishir. Ya bi gari yana cewa, “Kun ji ko? Ƙoda ne, likita da kanshi ya faɗa.” Markus kuma yakan zo da jarida a hammata, ya ƙirga gadaje da ido, ya tafi, ko lemo bai taɓa kawowa ba. A makon ne masu allurar rigakafi, wadda ake harbawa da wani abu kamar bindiga, suka iso gari. Baba Ishaya ne a gaban layi, yana cewa ga alkawarin Shugaba ya cika. Markus ya ce ruwan famfo ne a ciki, amma an gan shi ya naɗe hannun riga a layin tasha. Kowannensu ya ce shi ya ci gardama.

A mako na uku hankalin Bulus ya fara tafiya yana dawowa. Yakan kalli rufin rumfa yana koyar da lissafi, yana kiran sunayen 'yan ajinsa ɗaya bayan ɗaya. Wata safiya ya farka sarai, ya kama hannuna ya ce, “Hannatu, kada ki riƙe Yaya a zuciya. Shi ya sa ni makaranta.” Na ce to, domin ba a musu da mai barin duniya. Amma wannan “to” ɗin a leɓe ya tsaya, kamar kunun Baba Ishaya. Ranar Lahadi, ana kaɗa ƙararrawar sujada, Bulus ya cika.

A ƙauye aka binne shi. Baba Ishaya ya yi jawabi a kan ciwon ƙoda da nufin Allah. Markus ya yi nasa a kan gwamnati, sai da Fasto ya ja masa riga. Da mazan suka dawo daga kabari aka nemi ƙwaryar kunu, aka rasa. An duba rumbu, an duba madafa, an zargi yara. Tana cikin zanena, a ɗaure a ƙuguna, kuma da ita na dawo Kafanchan.

Da ruwan sama ya sauka, cutar ta shiga ƙauyen gadan-gadan. Rafi ya cika ya yanke hanyar mota. Sai ga saƙo cewa Baba Ishaya ya kwanta, allurar da ya yi alfahari da ita ba ta tare masa ba, matarsa Mama Tabita tana bin dokar kakanni ta hana shi ruwa, maƙwabta kuma sun gudu. Na bar 'ya'yana wurin maƙwabciya, na ɗaure gishiri da sukari da ƙwaryar, na kama hanya. Matan zumunta suka ce ga Kirista ta gaske, ga gafara. Na bar su da zatonsu. Ba gafara ce ta sa na tsallake rafin nan ruwa har ƙirji ba. Na ga mutuwa ta yi wa Baba Ishaya arha. In ya mutu, wurin Bulus zai je, Bulus kuwa na san shi, kafin ya buɗe baki ya yafe masa. Ni da ransa nake son sa.

Na same shi a tabarma, ƙarƙashin hoton Shugaba, idanu sun faɗa, yatsu sun yamutse, sak yadda ƙanensa ya yi. Na hura wuta, na tafasa ruwa, na ƙona ƙwaryar da tafasasshen ruwa, na haɗa gishiri da sukari. Na buɗe ƙofa da taga, na ce wa Mama Tabita ta kira duk wanda ya rage a unguwa su tsaya daga waje. Sannan na zauna a gabansa da ƙwaryar a cinya. Ya gane ta.

“Ruwa, 'yata,” ya ce.

“Baba, ai mai zawo ba a ba shi ruwa. Kai ka koya mini.”

Ya miƙo hannu, na janye.

“Ga ɗanka can a bango, ka roƙe shi. Me ke damunka, Baba?”

“Ciwon ciki ne.”

Na ɗan karkaɗa ƙwaryar don ya ji motsin ruwan.

“Kwalara ne,” ya ce.

“Ɗaga murya, na waje ba su ji ba. Me ya kashe Gwaggo Laraba?”

“Kwalara.”

“Bulus fa?”

“Kwalara ne, Hannatu. Ba ƙoda ba ne.”

“Kwalara ba ta da hannu, Baba. Wa ya miƙa masa ƙwarya? Wa ya zauna a gaban randa? Ranar nan ina kallon wuyanka. Ba ka sha ba. Ka san abin da ke ciki.”

Fuskarsa ta yamutse, kafaɗunsa suna rawa, yana kuka amma ba hawaye, domin jikin ba sauran ruwan da zai yi su. Ya ce, “Ni ne.” Na ji wata tsohuwa a waje ta yi salati irin namu, ta kira sunan Yesu. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji, daɗin da ban ji irinsa ba tun ranar da na ɗora mijina a amalanke. Ramuwar gayya, in ji Hausawa, ta fi gayya zafi.

Sannan na tallafi kansa na ba shi. Ya amayar, na sake ba shi. Ya ce ya ƙoshi, na ce bai isa ba. Kowace kurɓa sai na zuba wa maƙogwaronsa ido na ga ya motsa kafin in sauke ƙwaryar. Na wanke shi, na kwashe bokitinsa, na koya wa matan da suka leƙo yadda ake haɗa ruwan, wasu gidajen ma suka tsira da shi. Ranar da ya yi fitsari, Mama Tabita ta yi guɗa. Ni na zagaya bayan rumbu na yi kukan da ban yi ba a makokin Bulus, domin da wannan ruwan ne kawai, ruwan randar da ke barandarmu, da mijina yana nan.

Baba Ishaya ya tashi. Ko Shugaba ya yi ƙoƙari a cutar nan, ko bai yi ba, ni ban sani ba. Abin da na sani shi ne bai taɓa jin sunan Bulus ba, kuma ba shi ya zauna a gaban randa ba. Don haka ke da ke karanta wannan, in naki ya fara amai da gudawa, ki tafasa ruwa ki ba shi, ki kai shi asibiti, ko wa ya tsaya a ƙofa ki bi ta baya. In an miƙo ƙwaryar makoki, ki fasa ta, a kira ki marar kunya. Marar kunya mai miji ta fi ni.

Shekaru kaɗan bayan haka aka hamɓarar da Shugaban. Hoton ya sauka daga bango ya koma bayan akwati. Markus ya yi murnar wata guda, sannan ya fara zagin sabon. Yanzu kuwa, in gaya muku abin dariya, shi da Baba Ishaya sun shirya. Duk ranar kasuwa sukan zo duba 'ya'yan Bulus, su zauna a barandata, a kan bencin da Bulus ya ƙera da hannunsa, bakinsu ɗaya suna kushe gwamnati. Ni kuma ba na hana baƙo ruwa. Nakan tafasa shi, in bar shi ya huce, in zuba a ƙwaryar nan, in durƙusa da ladabi in ajiye ta a tsakaninsu. Sai hirar ta mutu. Ruwa ne mai tsabta, duk garin nan babu kamarsa, ga zafin rana, ga doguwar tafiya. Har yau babu wanda ya taɓa kai ta baki a cikinsu, ni kuma ban taɓa kawo musu kofi ba.